BAYANI: Yadda ake kare sassaƙen itace mai fenti da folish, da inda shafa shi ke zama ɓarna

A ƙauyen Nusnas da ke lardin Dalarna na ƙasar Suwidin ake sassaƙa ɗan dokin katako mai jan launi da ake kira dokin Dala, wanda ya yi suna tun bayan baje kolin duniya na birnin New York a shekarar 1939. Bayan an fafe shi da wuƙa, ana tsoma shi cikin fenti, sannan a zana masa sirdi da linzami da hannu. Matakin ƙarshe shi ne shafa masa ruwa mai garai-garai wanda ke bushewa ya zama siririyar fata a kan launin. Wannan ruwa shi kafintocinmu ke kira folish. Aikin ba ya ɗaukar lokaci, amma shi ke sa ado ya daɗe, kuma kuskure a cikinsa na iya lalata wahalar makonni.

Abin da folish ke karewa

Fenti a kan itace yana da abokan gaba huɗu: ƙura, maiƙon hannu, danshi da hasken rana. Folish yana shiga tsakani, sai datti ya zauna a kansa, a goge ba tare da an taɓa launin ba. Yana kuma rage saurin da itace ke shan danshi ko fitar da shi. Wannan na da muhimmanci domin itace yakan kumbura da damina ya tsuke da rani, fenti kuwa ba ya iya bin wannan motsi, sai ya tsage ya riƙa ɓarewa.

Sai dai folish ba ya hana motsin gaba ɗaya, kuma ba maganin ƙwari ba ne. Itacen da gara ko ƙwarin da ke huda katako suka riga suka shiga, shafe bayansa ba zai hana su ci gaba da cinsa ta ciki ba.

Ire-irensa

Mafi daɗewa su ne waɗanda ake haɗawa da ƙaron itatuwa, kamar ƙaron damar daga kudu maso gabashin Asiya da ƙaron mastik daga tsibirin Kiyos na Girka. Suna fito da launi sosai, amma suna yin rawaya idan shekaru suka ja. Akwai kuma shelak, wanda wani ƙaramin ƙwaro ke fitarwa a kan itatuwa a Indiya da Tailan. Yana bushewa cikin mintuna, sai dai ba ya jure ruwa da zafi. Ƙaron da malamai ke zubawa a tawada bai dace da wannan aiki ba, domin ruwa na narkar da shi.

Daga cikin na zamani akwai foliyuretan, wanda ya samo asali daga binciken Otto Bayer a Jamus a 1937. Wanda aka haɗa da mai yana da ƙarfi, amma yana mayar da fari da shuɗi su yi ruwan zuma. Wanda aka haɗa da ruwa, da kuma folish na akirilik, suna barin launi kusan yadda yake, shi ya sa aka fi zaɓensu ga sassaƙe mai launuka masu haske. Kakin zuma yana ba da ƙyalli mai taushi, amma kariyarsa kaɗan ce, kuma da wuya wani folish ya kama a kansa daga baya.

Yadda ake shafawa

Sharaɗin farko shi ne haƙuri. Fentin akirilik yana bushewa ga taɓin hannu cikin ƙasa da awa guda, amma gara a ba shi 'yan kwanaki. Fentin mai irin na masu zane yana buƙatar wata shida ko fiye. Idan aka rufe fentin da bai gama bushewa ba, fatar takan yamutse ko ta tsattsage.

Na biyu shi ne gwaji a kan guntun itacen da aka yi wa fenti iri ɗaya, ko a ƙasan sassaƙen. Wasu nau'o'in na ɗauke da tina mai ƙarfi da ke narkar da fentin da ke ƙasa. Idan fentin na ruwa ne mai saurin jiƙa, a fara da feshi daga nisan santimita 25 zuwa 30, domin burushi zai ja launin.

Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Sassaƙe yana da lunguna da ramuka inda folish ke taruwa ya daskare, ya cike zanen wuƙar da masassaƙi ya sha wahala a kansa, don haka a riƙa tsane su da busasshen burushi. Ba a girgiza gwangwani, motsawa ake yi a hankali saboda kumfa. Idan ana son fuska marar ƙyalli, a fara da mai ƙyalli a rufe da marar ƙyalli, domin jera marar ƙyalli sau da yawa yana sa launi ya yi hazo. A kula da samfefa, takan cinye fenti a gefuna da tsinin sassaƙe. Kada a manta da ƙasan gindi, domin ta bakin yanka itace ya fi shan danshi.

Yanayi ma yana da tasiri. Danshin damina kan sa folish ya bushe da farin gajimare a cikinsa, ƙurar hunturu kuma takan manne a jiƙaƙƙen shafi. Ɗaki mai tsafta da iska ke ratsawa, nesa da wuta, shi ya fi dacewa. Tsummokaran da suka sha folish mai mai, idan aka dunƙule su wuri guda, suna iya yin zafi har su kama da wuta da kansu. A shanya su ɗaiɗai ko a tsoma su cikin ruwa.

Inda ya kamata a janye hannu

Duk wannan bayani ya shafi sabon aiki ne. Tsohon sassaƙe yana da tasa ƙa'ida. Misali shi ne ƙofar fadar Ogoga na Ikere mai fenti, aikin mashahurin masassaƙin ƙasar Yarbawa Olowe na Ise, wadda aka nuna a baje kolin Wembley a 1924, take kuma gidan tarihi na Birtaniya a Landan. A irin waɗannan ayyuka launin asali da dushewarsa shaida ce ta tarihi. Launin gargajiya na ƙasa da na tsirrai yana da ƙofofi kamar soso, yana shanye folish ya yi duhu, kuma ba a iya cire shi tsaf bayan haka.

Shi ya sa masana adana kayan tarihi ke bin ƙa'idar guje wa duk abin da ba za a iya warwarewa ba. Inda fenti ke ɓarewa, sukan manne shi da abu kaɗan kamar Paraloid B-72, wanda ake iya sake narkarwa, sannan su daidaita danshin ɗakin ajiya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Wanda ya gaji tsohon sassaƙe a gida, abin da ya fi masa shi ne ya share ƙura da burushi mai laushi, ya nisanta shi daga rana da jiƙaƙƙen bango, ya kuma nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi kafin ya shafa masa komai.