Sukarin da ke jikin allurar EPO: yadda aka koyi auna shi

Wanda ya taɓa rako majinyaci daga Gwarzo ko Kabo zuwa wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya san wata 'yar allura da likita kan rubuta, a ce a ajiye ta a firji. Sunanta EPO. Lafiyayyar ƙoda ita ke ƙera wannan furotin, ya tafi ɓargo ya ce a ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Idan ƙoda ta gaza sai jini ya yi ƙasa, shi ya sa za ka ga majinyacin ya yi fari fat, tafiya kaɗan sai haki. A kanti kuwa za a nuna maka na kamfanoni daban-daban, kowanne da kuɗinsa. To, ashe duk ɗaya ne? Amsar tana cikin wani sukari da ke manne a jikin furotin ɗin, wanda masana suka shafe shekaru kafin su iya auna shi.

A 1977 Eugene Goldwasser na Jami'ar Shikago da Takaji Miyake daga Japan suka tace EPO tsantsa. Fitsari lita 2,550 na masu wani ciwon ƙarancin jini aka tara, abin da ya fito kuwa 'yan miligiram ne. Da wannan ɗan abin kamfanin Amgen ya gano ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera EPO, kuma a 1989 Amurka ta amince da maganin.

Amma fa ba a cikin bakteriya ake noma shi ba, kamar yadda aka yi wa insulin. EPO ɗin da bakteriya ta ƙera ba ya daɗewa a jini balle ya yi aikin kirki, domin tsirara yake fitowa. Na jikin mutum yana da rassan sukari huɗu, kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa ke nan. Su ake kira gilaikan. Ba sukarin shayi ba ne, kuma babu ruwansu da ciwon sukari. A bakin kowane reshe akwai wani ɗan sukari mai suna siyalik asid. Tun ƙarshen shekarun 1960 Gilbert Ashwell da Anatol Morell suka nuna cewa idan aka cire shi daga furotin, hanta na tsince furotin ɗin daga jini cikin mintuna. Dole aka koma ga ƙwayoyin halittar wani ɗan ɓeran ƙasar Sin, waɗanda suka iya wannan ado.

A nan gizo ke saƙa. Jikin furotin kamar yankan riga ne, akwai awo a rubuce cikin ƙwayar gado, duk telan da ya bi zai fitar da iri ɗaya. Gilaikan kuwa aikin wuyan riga ne, babu rubutaccen awo, ya danganta da hannun mai yi da zaren da ya samu. Canza abincin ƙwayoyin halittar, ko zafin tukunyar, ko girmanta, sai adon ya canza. Kamfanin Genzyme ya ga haka a 2008: ya koma yin maganin cutar Pompe a tukunya mai lita 2,000 maimakon 160, hukumar magunguna ta Amurka ta ce sukarin ya bambanta, sai dai a nemi izini a matsayin wani magani daban.

Yaya ake auna abin da ido ba ya gani? Da na'ura biyu da aka haɗa baki da baki, wato LC-MS. Ta farko tsohuwa ce a asali: a 1903 Mikhail Tswett ya zuba ruwan ganye ta cikin bututun da aka cika da garin alli, launuka suka rabu hawa-hawa. Yau ana yanko rassan sukarin da wani sinadari, a liƙa musu alama mai ƙyalli, a tura su ta siririn bututu da matsi mai ƙarfi. Ƙananan rassa su riga fitowa, manya su biyo baya. Ta biyu ma'auni ce. An daɗe ana fama da yadda za a ɗaga manyan ƙwayoyin sinadari daga ruwa zuwa iska ba tare da sun farfashe ba, sai a ƙarshen shekarun 1980 John Fenn ya yi nasara da feshi mai ɗauke da lantarki, abin da ya ba shi kyautar Nobel a 2002. Ma'aunin na nuna ƙarin 291 idan siyalik asid ɗaya ya hau reshe. Yana ma rarrabe irin na mutum da irin na dabbobi, wanda ya ɗara shi da 16 kacal. Sai dai galaktos da mannos nauyinsu ɗaya, 162, ma'auni kaɗai ba zai bambanta su ba. Shi ya sa ba a raba shi da bututun.

Da aka iya karanta adon, sai aka fara sarrafa shi. A 2001 aka fito da darbepoetin, EPO ne da aka ƙara wa rassa biyu, yana daɗewa a jini kusan ninki uku. Ga wanda sai ya biya kuɗin mota daga Gwarzo, ragin yawan allura ba ƙaramin abu ba ne. A 2007 kuma Turai ta amince da EPO na wasu kamfanoni masu kwaikwayon na asali, bayan sun kawo hujjoji, ciki har da taswirar gilaikan ɗinsu. Ba kowane kwaikwayo ne ya bi ta wannan ƙofa ba. Binciken da Huub Schellekens ya wallafa a 2004 a kan EPO na wasu ƙasashen Asiya da Kudancin Amurka ya samu waɗanda ƙarfinsu ya gaza abin da aka rubuta a kwali, da waɗanda suka zarce shi nesa ba kusa ba.

Arha ba laifi ba ce, kuma mu a ganinmu kwaikwayo mai inganci shi ne abin da talaka zai iya jurewa saye wata da watanni. Sai dai mai saye ba shi da LC-MS a gida. Abin da ke hannunsa shi ne lambar rajistar NAFDAC a jikin kwali, da tabbatar da cewa daga firji aka ɗauko, a kuma tafi da ita gida cikin kula da ƙanƙara, ba tare da ta daskare ba. Idan an canza kamfani, a gaya wa likita, domin ya sake duba yawan jini bayan 'yan makonni.