Tarihin Batirin Litiyam da Asalin Ƙa'idar Cajinsa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai gyaran waya, ko a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ko a wani lungu na Damagaram, da wuya ya rasa ganin wani ɗan akwati a gefen tebur, mai maɓallan murɗawa da igiyoyin wuta biyu, ja da baƙa. Wannan ita ce na'urar ba da wuta ta kan tebur. Asalinta kayan ɗakin gwaji ce, watau irin wadda masana kimiyya suke aiki da ita. Maɓalli ɗaya yana ƙayyade matsin lantarki, wanda ake aunawa da bolt, ɗayan kuma yana ƙayyade yawan kwararar wutar, wadda ake aunawa da ampiya. Alal misali, idan aka ɗauki wutar tamkar ruwan famfo, to bolt shi ne ƙarfin turin ruwan, ampiya kuwa ita ce yawan abin da yake bi ta cikin bututu.

Manufar wannan lacca ita ce a bi diddigin yadda aka kai ga ƙa'idar cajin batirin litiyam da irin wannan na'ura, da dalilin da ya sa aka tsaya a kan bolt 4.2.

Batura masu haƙuri

A shekara ta 1800 ne Alessandro Volta, mutumin Italiya, ya jera faya-fayan tutiya da na jan ƙarfe, ya raba su da ƙyalle mai ruwan gishiri, ya sami wuta mai gudana. Daga sunansa aka samo kalmar bolt. Amma batirinsa in ya mutu ya mutu ke nan. Sai a 1859 Bafaranshe Gaston Planté ya haɗa batirin darma da asid wanda ake iya sake cikawa, kakan batirin mota na yau. A 1899 kuma Waldemar Jungner na ƙasar Suwidin ya fito da na nikel da kadmiyam.

Abin lura game da waɗannan batura biyu shi ne ruwan da ke cikinsu ruwa ne na ainihi da aka narka wani sinadari a ciki. Idan batirin mota ya cika aka ci gaba da ɗura masa wuta, rarar takan tafi wajen farfasa ruwan ya zama iska, a ji yana ɓararraka. Gobe mai cajin batir ya ƙara masa ruwa, shi ke nan. Na nikel kuwa yakan mai da rarar ta zama ɗumi. Saboda haka fiye da shekara ɗari masu sana'ar lantarki suka saba da batir mai yafe ganganci, wanda za a jona da dare a tafi a kwanta. Wannan sabo shi ne ya zama tarko daga baya.

Ƙarfe mai saurin fushi

Johan August Arfwedson ne ya gano litiyam cikin wani dutse a Suwidin a 1817, sunan ma daga kalmar Girkanci mai ma'anar dutse aka ciro shi. Shi ne mafi rashin nauyi a cikin ƙarafa duka, har yana tasowa a kan ruwa, sa'an nan ba shi da rowar sakin wutar da ke jikinsa. Siffofin nan biyu su suka sa masana suka daɗe suna kwaɗayinsa. Aibinsa ɗaya ne: ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, da sun haɗu sai ya hau tafasa. Dole ke nan a nemo masa wani ruwan na daban, kuma irin waɗanda aka samu dangin mai ne, masu cin wuta.

Kamfanin mai na Exxon a Amurka ya ɗauki wani Baturen Ingila, Stanley Whittingham, aiki a 1972, shekara guda kafin rikicin man fetur na 1973 ya tsorata ƙasashen Turai da Amurka. Whittingham ya yi amfani da wani sinadari na titaniyam da kibiritu wanda yake hawa-hawa kamar shafukan littafi, ƙwayoyin litiyam suna shiga tsakanin shafukan suna fita ba tare da sun rusa su ba. Ya sa wannan a gefen alamar tarawa, ya sa zallar ƙarfen litiyam a gefen alamar debewa, ya sami batir mai ba da fiye da bolt 2. To, a nan aka fara ganin halin ƙarfen. Duk lokacin da aka yi caji, litiyam ba ya komawa ya kwanta sumul a inda ya fito, sai ya riƙa tsirowa kamar ƙaya. In ƙayar ta yi tsawo ta huda tantanin da ya raba gefen biyu, sai wuta ta tashi. An ba da labarin cewa 'yan kwana-kwana sun gaji da zuwa ɗakin gwajin, har suka yi barazanar sa kamfanin ya riƙa biyan kuɗin sinadaran kashe gobarar. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, Exxon ya janye jiki.

A Jami'ar Oksford kuwa, John Goodenough, Ba'amurken da ya karɓi shugabancin wani sashen kimiyyar sinadarai a 1976, yana ganin cewa in aka musanya kibiritu da oksijin za a sami matsi mafi girma. A 1980 shi da abokan aikinsa, ciki har da Koichi Mizushima na Japan, suka nuna cewa haɗin litiyam da kobal da oksijin yana ba da kimanin bolt 4. Jami'ar ba ta ga amfanin yin rajistar wannan ƙirƙira ba, sai haƙƙinta ya koma hannun cibiyar binciken nukiliya ta gwamnati da ke Harwell, Goodenough bai ci ko kwabo daga cinikinta ba. A wannan sinadari ne asalin iyakar nan take. Litiyam ɗin da ke tsakanin shafukansa shi ne kamar ginshiƙan da ke riƙe da ginin. Ana iya zare kusan rabinsa gini ya tsaya, kuma wajen bolt 4.2 ne ake kai wa rabin nan. In aka zarce, gini ya fara rushewa, ya saki oksijin cikin ruwa mai cin wuta. Mai da iska da zafi sun haɗu a gwangwani ɗaya rufaffe.

Saura gefen debewa. Rachid Yazami, ɗan birnin Fas na ƙasar Maroko, yana bincike a Grenoble ta Faransa a farkon shekarun 1980, ya nuna cewa ana iya cusa litiyam cikin girafayit, watau baƙin abin nan na cikin fensir, a kuma fitar da shi ta hanyar lantarki. A Japan, Akira Yoshino na kamfanin Asahi Kasei ya haɗa sinadarin Goodenough da wani irin gawayi da ake samu daga tace man fetur, ya yi rajistarsa a 1985. A batirinsa babu zallar ƙarfen litiyam ko kaɗan, ƙwayoyinsa ne kawai suke kai da komowa tsakanin masauki biyu. A 1986 ya saki gungumen ƙarfe a kan batirin, bai yi kome ba. Da aka saki a kan mai zallar litiyam sai ya tarwatse.

Duk da haka ba kowa ne ya haƙura da zallar ƙarfen ba, domin ya fi ɗaukar wuta. Kamfanin Moli Energy na Kanada ya kai irinsa kasuwa, aka sa shi cikin wayoyin hannu a Japan. A 1989 ɗaya ya kama da wuta ya ji wa mai wayar rauni, aka janye baturan, kamfanin ya durƙushe. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa batirin yakan ƙara haɗari ne gwargwadon yawan cajin da aka yi masa, abin da gwajin gaggawa bai iya tonawa ba. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sauran kamfanoni suka shafa wa nasu ruwa. Sa'ad da Sony ya fitar da batirin litiyam na farko irin na yau a 1991, a ƙarƙashin jagorancin Yoshio Nishi, ya fitar da shi ne tare da caja tasa ta musamman da matakan kariya.

Ƙa'idar caji

Ƙa'idar da aka tsayar hawa biyu ce. A hawa na farko ana ba batir kwarara tsayayya, galibi rabin abin da yake iya ɗauka cikin awa ɗaya, matsinsa yana hawa a hankali. Da ya kai bolt 4.2 sai a shiga hawa na biyu: a riƙe matsin a nan cak, kwararar kuma ta riƙa raguwa da kanta, kamar tulun da ya kusa cika mai ɗiba ya rage hannu. In ta sauko zuwa kashi ɗaya cikin goma ko cikin ashirin na ƙarfin batirin, sai a yanke wutar ɗungum. Batir mai ɗaukar miliampiya 2,000, alal misali, za a ba shi ampiya 1, a cire shi in kwarara ta faɗo wajen ampiya 0.1, cikin awa biyu da rabi zuwa uku. Kuskuren da aka yarda da shi a kan 4.2 bai wuce 0.05 ba, sama ko ƙasa.

Wani abin mamaki shi ne na'urar kan tebur, wadda ta girmi batirin litiyam da shekaru, ta zo daidai da hawan nan biyu ba tare da an ƙera ta dominsu ba. In aka saita ta a 4.2 tun kafin a jona kome, aka tabbatar da ma'auni na dabam, aka kuma ƙayyade kwararar, to da kanta za ta riƙe kwarara da fari, ta koma riƙe matsi daga baya. Da irinta masu bincike suka riƙa gwada baturansu. Amma akwai abin da ba ta sani ba, shi ne tsayawa. Za ta riƙe batir a 4.2 har kwana da kwanaki, litiyam kuwa ba shi da inda zai zubar da rara kamar na darma. Zama a cike yana cin ransa a hankali. Ba ta jin zafin batir, alhali masu ƙerawa sun iyakance caji tsakanin digiri 0 da 45, zafin bazara a Kano ko Maraɗi kuwa yakan haura 40 a inuwa. In an kashe ta aka bar batir a jone, wasu irinta sukan riƙa zuƙe wutar baya, ko ma su lalace. In kuma batura da yawa ne aka jera bi da bi, ita jimla kaɗai take gani: uku a bolt 12.6 na iya zama ɗaya ya haura 4.4 sauran suna ƙasa, ita ba ta da labari. Dukan waɗannan ayyuka, a cikin waya ko kwamfuta, wani ɗan ƙanƙanin da'irar lantarki ne yake yin su a ɓoye. Wanda ya ɗauko na'urar tebur ya sallami wannan mai gadi ke nan, ya ɗora wa kansa gadin.

Har ila yau, 4.2 ba ta kowa ba ce. Batirin litiyam da ƙarfe da fosfet, wanda ya fito daga ɗakin gwajin Goodenough a Teksas wajen 1996 da 1997, wanda kuma shi ne ya yawaita a baturan sola na gidaje, iyakarsa 3.65 ce. Wasu baturan waya na baya-bayan nan an inganta su har suna kai 4.35 ko 4.4. Ba a ƙiyasi da ido, sai an karanta abin da aka rubuta a jikin batirin. Wanda kuma ya tsaya a 4.1 maimakon 4.2 ya yi asarar kusan kashi 10 cikin ɗari na wutar, amma batirin zai fi daɗewa ƙwarai.

Bayan kasuwa ta buɗe

Ƙa'idar ba ta kawo ƙarshen gobara ba. A 2006 an janye miliyoyin baturan kwamfuta ƙirar Sony saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya shiga cikinsu a masana'anta. A Satumban 2010 jirgin kaya na UPS mai ɗauke da batura masu yawa ya kama wuta ya faɗi a Dubai, matuƙansa biyu suka rasu. A Janairun 2013 aka dakatar da jiragen Boeing 787 baki ɗaya saboda baturansu, a 2016 kuma Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7. Ba caji ne ya jawo yawancin waɗannan ba, amma sun tabbatar da cewa batir cikakke ya fi wanda ba a cika ba mugun tashi. Shi ya sa tun Afrilun 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana ɗaukar baturan litiyam zalla a matsayin kaya cikin jirgin fasinja, ta kuma ce waɗanda za a sa a jirgin kaya kada cajinsu ya wuce kashi 30 cikin ɗari.

A 2019 aka ba Goodenough da Whittingham da Yoshino lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai, Goodenough yana da shekara 97, ya kuma rasu a 2023 yana da shekara 100. Lambar ba ta wuce mutum uku, saboda haka ba a sa Yazami ba, ko da yake ya sami lambar Draper tare da Goodenough da Yoshino da Nishi a 2014. Ba laifi ba ne a ce an rage wa Afirka kaso a nan, balle ma in aka tuna cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na kobal ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake haƙo shi.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, tare da ita sana'o'i biyu suka tsiro, cajin waya da gyaranta, dukansu 'ya'yan rashin tsayayyar wutar lantarki da tsadar sabon kaya. A rumfar gyara ne ake yi wa batirin da ya mutu murus abin da ake kira tada shi, watau a dangwala masa igiyoyin na'urar tebur kai tsaye da matsi mai yawa har ya farfaɗo. Sau da yawa yakan tashi, shi ya sa al'adar ta zauna. Sai dai batirin da matsinsa ya faɗi ƙasa ƙwarai ya kwana biyu a haka, jan ƙarfen da ke gefen debewa yakan fara narkewa cikin ruwansa, in an tura masa wuta da ƙarfi ya koma ya daskare a inda bai kamata ba, ya zama gada tsakanin gefe biyu. Hanyar da masu ƙerawa suka shimfiɗa ita ce a ba shi kwarara 'yar kaɗan, kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa ko ƙasa da haka, har ya kai bolt 3, ana taɓa jikinsa, a kan daɓe ko faranti na ƙarfe nesa da katifa da galan ɗin man janareto. In bai hau ba cikin rabin awa zuwa awa guda, ko ya yi ɗumi, ko ya kumbura, to ba na mayarwa cikin wayar mutum ba ne.