Amsar Wasiƙa: Gudun Fanfalaki da Mai Ƙarancin Lokaci

Wasiƙarmu ta yau daga wani ɗan kasuwa ce a Shinkafi. Ya ce yana sha'awar rabin gudun fanfalaki, amma shago da gona sun cinye masa mako, shin irinsa zai iya?

To Malam, bari mu ɗauko zancen daga tushe. Cikakken gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun ya-da-ƙanin-wani, kilomita 42 ne da mita 195, tsawon da aka fara gudu a gasar Olamfik ta Landan a 1908. Rabinsa kilomita 21 ke nan da 'yan kai, wajen mil 13.

Da aka fara wannan tsere a Olamfik ta 1896 a ƙasar Girka, wanda ya zo na ɗaya, Spiridon Louis, ɗan ga-ruwa ne daga wani ƙauye kusa da babban birnin. Ya gama a ƙasa da awa uku. A 1960 kuma Abebe Bikila na Habasha, soja mai gadin fadar sarki, ya cinye a birnin Rum ba ko takalmi a ƙafarsa. Haile Gebrselassie, shi ma Bahabashe, ɗan manomi ne; yana yaro kilomita 10 yake gudu zuwa makaranta, ya sake 10 zuwa gida.

Amma wanda labarinsa ya fi kama da naka, a ganina, shi ne Roger Bannister na Ingila. Ɗalibin likitanci ne, asibiti ya riƙe shi safe da yamma. Sai ya riƙa yin atisaye a hutun cin abincin rana, abin da bai kai awa guda ba. Da wannan ɗan lokaci, ranar 6 ga Mayu 1954, ya zama mutum na farko da ya gudu mil ɗaya a ƙasa da minti 4. Na san mil ɗaya ba mil 13 ba ne. Abin dubawa shi ne bai fashi ba.

Mu ma nan ƙafa ba baƙuwarmu ba ce. Kafin jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, fatake a ƙasa suke takawa har Gwanja sayen goro, zango bayan zango. Madugu ba ya haɗe zango biyu rana ɗaya don gaggawa, ya san jakai da mutane za su kwanta masa a hanya.

Haka za ka yi. Kwana uku a mako sun isa, na tsawon wata uku ko huɗu. Biyu gajeru, kamar rabin awa bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi. Na ukun ka tsawaita, kana ƙara kilomita ɗaya kowane mako, da saurin da za ka iya hira kana gudu. Ranar Alhamis da kasuwarku ke ci, bar wa kasuwa. In damina ta kankama, noma ma aiki ne, rage gudun.

Sai kashedi biyu. Mai hawan jini ko ciwon ƙirji ya fara ganin likita. Sannan kowa ya san halin da hanyoyin Zurmi da Shinkafi ke ciki saboda 'yan bindiga, don Allah kada ka fita daji da duku-duku. Ka zagaya filin makaranta a cikin gari, ku biyu ko uku, da gorar ruwa a ajiye gefe.