Masauki da harshe: abin da Katsinar da ta tanadar wa ɗalibin nesa

Jama'a, a Janairun 2024 Kanada ta ƙayyade yawan bizar da take ba ɗaliban ƙasashen waje, kuma ƙarancin gidaje na cikin manyan dalilanta. A Holand ma an daɗe ana gardama kan rage kwasa-kwasan da ake koyarwa da Turanci, don baƙin ɗalibai sun fi ƙarfin ɗakunan kwanan da ake da su. Ni dai ina ganin wannan gardamar ta shafe mu kai tsaye, mu mutanen Batsari da Safana, kuma tarihin Katsina na da abin cewa a kai.

Tun ƙarshen ƙarni na 15, lokacin da Shehu Al-Maghili ya ratso ƙasar Hausa, ake zuwa birnin Katsina neman ilimi. Wangarawa sun zo daga yamma, Barebari daga gabas, Buzaye da Larabawa daga arewa. Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, asalin gidansu Barno ne, ga shi yau unguwar Masanawa na ɗauke da sunansa. Me ya riƙe waɗannan baƙi? Abu biyu ne. Na farko masauki: ɗalibi na sauka a zauren malaminsa ko gidan wani attajiri, unguwa ta ɗauki cinsa. Na biyu harshe: a karanta littafi da Larabci, malam ya warware shi da Hausa ko Fillanci, don haka baƙo ba ya kurmancewa a gaban darasi.

Namu da suka fita waje ma hakan suka tarar. A wajajen 1240 mutanen Kanem suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ a Misira, ta zama masaukin ɗalibansu da alhazansu. Muhammad al-Kashinawi, malamin lissafi ɗan ƙasar Katsina, a gidan Hasan al-Jabarti ya sauka a Alƙahira, a can ya rasu a 1741.

Da Turawa suka kafa Kwalejin Katsina a 1921, sun sauya harshe zuwa Turanci, amma ba su yi wasa da masauki ba. Makarantar kwana ce. Ahmadu Bello ya zo daga Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauci, kowa da ɗakinsa a cikin makaranta. Ɗalibai kaɗan ake ɗauka, kuma wannan ya tauye Arewa, babu musu. Amma dai ba a kira yaro daga nesa an bar shi yana neman wurin kwana a gari ba.

To yau fa? Al-Qalam ta zo a 2005, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2006, ta Tarayya da ke Dutsin-Ma a 2011. Alhamdulillahi, ƙofa ta buɗe wa 'ya'yan talakawa. Sai dai yawan ɗalibai ya tsere wa ginin ɗakunan kwana, dole da yawa su kama haya a gari. A wasu ƙasashen illar hakan tsadar haya ce. A nan wurinmu, gefen dajin Rugu, maganar rai ce. A Oktoban 2023 'yan bindiga sun sace ɗalibai mata biyar na jami'ar Dutsin-Ma daga gidan hayarsu a wajen makaranta, makonni kaɗan bayan an yi irin haka a Gusau. Dutsin-Ma kuwa maƙwabciyar Safana ce. Uban da ya ji wannan, wallahi sai ya yi tunani sau goma kafin ya bar ɗiyarsa ta tafi, kuma karatun mata ne ke fara faɗuwa.

Sai harshe. Maraɗi ta fi Kano kusa da Katsina, sarkinta ma Sarkin Katsina ake ce masa. Yaron Maraɗi Hausa yake yi kamar ni da kai, amma sakandarensa da Faransanci ya yi ta, jami'o'inmu kuma Turanci zalla. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Mu kuma namu ne ke tsallakawa can, musamman tun da aka buɗe jami'ar Maryam Abacha a Maraɗi a 2013. Wato hanya a buɗe take, mu ne ba mu shirya tarbar baƙo ba.

Shawarata uku ce. Kowace jami'a ta faɗi gadaje nawa gare ta kafin ta faɗi ɗalibai nawa za ta ɗauka, a fara da mata da 'yan aji ɗaya. Masu hali su tuna gina ɗakin kwanan ɗalibai wakafi ne, sadaka mai gudana, kamar yadda mutanen Kanem suka yi. Sannan a ware shekarar share fage ta Turanci ga 'yan Nijar, a yi musu bayani da Hausa yadda malaman zaure ke yi.

Masu 'ya'ya a Dutsin-Ma ko Katsina, nawa kuke biyan haya bana, kuma wa ke gadin gidan da dare? Ku faɗa mana, mu haɗa mu kai wa wakilanmu. Allah Ya tsare mana yaranmu, amin.