Cuku, wara da awara: abin shan da ya dace da kowanne

A Faransa an daɗe da al'adar zaɓar wa kowane irin cuku ruwan inabin da ya dace da shi. A Kano, inda aka haramta giya tun bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000, shayi da zoɓo da kunun aya ne ke cike wannan gurbi. Ƙa'idar dai ɗaya ce: kada ɗanɗanon abin sha ya danne na abin ci.

Cukun Abzinawa da Fulanin yankin Tawa a Nijar busasshe ne, ana shanya shi falle-falle har ya yi tauri. Abokinsa shayi ne mai kauri da ɗaci, domin zafin shayin na tausasa shi, ɗacin kuma na yanke maiƙonsa. Lemon kwalba kuwa ɓata shi yake yi, don sukarinsa ya yi yawa.

Wara, wadda Fulani ke daskarar da madarar shanu da ruwan tumfafiya su yi, taushi gare ta kuma ba ta da ƙarfin ɗanɗano. Idan aka soya ta, tsamin zoɓo mai citta shi ne daidai.

Awara, wadda mata ke soyawa da yamma a lungunan Gyadi-Gyadi da Tarauni, ba daga madara take ba, daga waken suya ake yin ta. Da yake yaji ake barbaɗa mata, kunun aya mai sanyi ya fi kwantar da zafinta.