Ranar da "Nama" Ya Rasa Gaɓa Ɗaya

Da yawanmu mun sha dariyar 'yan aji saboda mun karanta kalmar "name" da gaɓa biyu, yadda muka gan ta a allo. Ashe ba mu kauce sosai ba. Shekaru dubu da suka wuce, mutumin Ingila "nama" yake cewa idan yana nufin suna, gaɓa biyu cif.

Tsohon Turanci yana danna murya ne a gaɓar farko ta tushen kalma. Gaɓar ƙarshe, da ba ta samun ƙarfi, ta yi ta raunana har wasalinta ya ɓace daga baki wajajen 1400, ya bar harafin "e" a takarda kawai.

Kafin nan, a 1066, Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi. Kalmomin Faransanci suka kwararo, su kuwa nauyinsu a ƙarshe yake. Turanci ya janyo nauyin wasu zuwa farko, kamar "city", ya bar wasu yadda suka zo, kamar "degree".

Shi ya sa ƙa'ida ɗaya ba ta isar ɗalibanmu. Kowace kalma sai an saurare ta kafin a amince da rubutunta.