Gafakar Waziri da Akwatin Inna

Bayan an yi sadakar arba'in ɗin kakata Inna, sai muka shiga gyaran ɗakinta. A ƙarƙashin gado muka tarar da wani tsohon akwati cike da takardun ajami, gara ta ci gefensu. Na ce tunda akwai sunan Allah a ciki, a ƙona su kada yara su tattake. Ni da hannuna na ƙyasta ashana. Ba a yi mako biyu ba sai ga kawunmu ya zo nemansu, wai salsalar gidanmu ce da mahaifin Inna ya rubuta. Wallahi har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Wannan nadama ce ta sa nake son ba ku labarin Waziri Junaidu na Sakkwato, Allah Ya ji ƙansa. An haife shi a 1906, shekara uku bayan Turawa sun ci Sakkwato. Mahaifinsa Waziri Buhari ya rasu a 1910, ya bar shi yana ɗan ƙaramin yaro. A zauren malamai ya yi karatunsa har ya ƙware a Larabci. A 1934 ya fara koyarwa a Makarantar Midil ta Sakkwato, ya kuma koyar a makarantar horar da mata. Kun ga ke nan alli ya fara riƙewa kafin sarauta.

A 1948 aka naɗa shi Waziri, amma sarauta ba ta raba shi da takarda ba. Ya adana littattafai da wasiƙun da ya gada a gidansu, ya nemo waɗansu ya ƙara, sannan ya zauna ya yi ta rubutu. Cikin littattafansa akwai Tarihin Fulani, wanda ya rubuta da Hausa don kowa ya karanta. Baturen nan Murray Last, mai littafin tarihin Daular Usmaniyya na 1967, a gabansa ya durƙusa ya ɗauki karatu.

To, ga inda abin ya shafe mu. Waziri daga zuriyar Nana Asma'u 'yar Shehu yake, wadda ta rasu a 1864. Waƙoƙin da ta rubuta, waɗanda jajis suke kai wa matan ƙauye, a gidansu aka adana da yawansu cikin gafaka, fiye da shekara ɗari. Shi ya buɗe wa Jean Boyd su, har ta fitar da littafin tarihin Nana a 1989. Da a ce wani ya yi musu irin abin da na yi wa akwatin Inna, yau da me za mu yi alfahari?

Waziri ya rasu a 1997, kuma an sa wa gidan adana tarihi na Sakkwato sunansa.

'Yar uwa, sharar ɗaki a hannunki take. Idan kin ga tsohuwar takarda kada ki naɗe ƙosai da ita, kada ki ƙona, ki kai wa wanda ya iya karantawa. Idan kuma akwai tsohuwa a gidanku, yau bayan sallar isha'i ki ɗauki biro da littafin yaranki, ki zauna kusa da ita ki tambaye ta sunan kakarta da garin da suka taso. Ni dai tawa ta tafi ban tambaya ba. Allah Ya gafarta mata, Ya sa mu cika da imani, amin.